Hagun Mai Hoto

Mai Hoto ya yi shekaru yana gyara wa mutane tsayuwa, har abin ya bi jikinsa. Shagonsa ɗan siriri ne, a matse tsakanin mai gyaran agogo da wata mai sayar da labule. Ciki babu komai sai farin ƙyalle a bango, fitilu biyu masu lema, da kujera mai juyawa wadda ta gaji da duniya. Daga safe zuwa yamma maganarsa ba ta wuce a ɗaga haɓa, a matsa hagu, kar a ƙifta ido. Abin da yake tinƙaho da shi kuwa, bai taɓa sa kwastoma ya tsaya tunani ba. In ya ce hagu, hagun wanda ke zaune yana kallonsa yake nufi, ba nasa ba. Sabbin shiga sana'a ne ke rikita bawan Allah, ya yi ta juyi kamar fanka.

Ƙaninsa, wanda duk dangi ke kira Auta ko da yake gemu ya cika masa fuska, ya tafi aiki wata ƙasa mai nisa. Wayar da suke yi ba ta da gishiri ko kaɗan. Ya aiki, da godiya, ya iyali, lafiya lau, sai shiru ya biyo baya, kowa na jiran ɗan'uwansa ya ce sai an jima. Ba faɗa suka yi ba. Tazarar shekaru ce kawai, kuma yaron da ka share wa majina ba ya sakin baki a gabanka ko ya girma.

Auta ne ya ja shi cikin wani wasan kwamfuta, inda mutum huɗu ke haɗa ƙungiya suna farautar wasu huɗu a cikin tsohuwar masana'anta. Mai Hoto ya shiga yana jan ƙafa, yana cewa wasan yara ne. Bai daɗe ba ya gano wani abu: in hannun Auta yana kan wasa, bakinsa ya kan manta da kunya. Tsakanin bi ta can da sunkuya, sai ga labarin shugabansa mai mita, da maƙwabcin da ke buga guduma ranar hutu, da wata yarinya a wurin aikinsu da sunanta ke fitowa fiye da yadda aiki ya buƙata. Tun daga nan yammacin Asabar ya zama nasu. Mai Hoto kan rufe shago da wuri ya taho gida, ko da kuwa layi ne a ƙofa.

Matsala ɗaya ce. Kwamfutar da yake gyaran hotuna da ita, sautinta kamar ƙuda a cikin gwangwani. Auta ya sha gaya masa cewa rabin wasan nan kunne ne: ka ji takun abokin gaba kafin ka gan shi, ka san ta wane gefe zai ɓullo. Shi dai Mai Hoto da ido kawai yake yi, kuma ba laifi, ido ai sana'arsa ce.

Wata rana sai ga ƙunshi daga Auta. Ciki akwai lasifika biyu, da makirfo, da wani ɗan baƙin akwati da bai fi sabulun wanki girma ba, mai maɓallin murɗawa a gaba da ramuka a baya. Auta ya ce sunansa katin sauti, irin wanda ake jonawa daga waje, shi zai karɓi aikin sauti daga hannun kwamfutar. Mai Hoto ya jujjuya shi ya ce bai ga inda ya yi kama da kati ba. A waya aka haɗa, Auta yana sauri don hutun da ya samu a wurin aiki ya kusa ƙarewa. Ya ce igiya mai farin kai ta lasifikar hagu ce, mai jan kai ta dama. Mai Hoto ya tsaya gaban teburin falo, ya dubi lasifikun nan biyu suna fuskantarsa, ya ba kowacce tata ba tare da wata-wata ba.

Wadda ta fara cin moriyar abin matarsa ce, wadda yake kira Gimbiya in yana neman wani abu. Ta sa wata tsohuwar waƙa da take ji tun tana budurwa, ta ɗauko guga. Ba a je ko'ina ba ta ajiye dutsen gugar. Ashe akwai wata 'yar ƙaramar ganga a ƙarƙashin waƙar, shekara da shekaru ba ta san da ita ba. Har numfashin da mawaƙiyar ke ja kafin ta ɗaga murya ana ji. Gimbiya ta riƙe rigar makarantar 'yarsu ta taka rawa da ita a tsakiyar falo, ta ce a gaya wa Auta shi ne mijin gaske, wannan na gida riƙon ƙwarya yake yi. Mai Hoto ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ji daɗi ƙwarai, irin daɗin da mutum ke ji in nasa ya yi abin kirki.

Asabar ta zo, ya zauna da ƙwarin gwiwa. Masana'antar nan da ya sani shiru ashe cike take da rai. Ga ɗigar ruwa daga rufi, ga kukan ƙofar ƙarfe, ga ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin takalmi. Sai ya ji taku sarai daga hagunsa. Ya juya hagu da sauri, ya yi ido huɗu da bango, aka harbe shi ta dama.

Ya ce rashin sabo ne. Asabar ta gaba ma haka, ta gaba da ita ma haka. Garin neman gira an rasa ido: mutumin da a da yake ɗan taɓukawa, yanzu shi ake fara kayarwa, kuma kullum bayansa ne ke kallon wanda ya kayar da shi. Ɗaya daga cikin abokan Auta, wani mai kaushin murya, ya ja dogon tsaki ya ce ba za su yi ta ɗaukar gawa a kafaɗa ba, a nemo wani. Auta ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da labarin maƙwabcinsa. Mai Hoto kuwa ya ji, kuma maganar ta zauna masa a ƙirji.

Ba kunyar wasan ce ta fi damunsa ba. Mahaifinsu mai injin niƙa ne, kuma haka ciwon kunnensa ya fara. A kira shi daga dama ya waiga hagu. Da farko yara suna dariya, shi ma yana taya su, har ranar da ya daina waigowa gaba ɗaya, ya koma zama a cikin mutane yana murmushin da bai san dalilinsa ba. Mai Hoto ya tuna wannan murmushi. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma ba irin wannan gadon ba.

Ya shiga gwada kansa a ɓoye. A shago ya kan toshe kunne ɗaya ya saurari agogunan maƙwabcinsa. A gida ya sa Gimbiya ta kira shi daga kicin ya rufe ido ya nuna, ya nuna daidai, sai ta ce to ka gani. Shi kuma ya ce ai ya san inda kicin yake, wannan ba gwaji ba ne. Ta ce ya je asibiti, ya ce sai an kwana biyu. Ta ce to ya gaya wa Auta abin nan bai karɓe shi ba, ya ce ina, yaro ya yi maka alheri ka ce alherinsa ne ya nakasa ka? Ita dai ta ci gaba da shan kiɗanta, don kiɗa bai dame ta da hagu ko dama ba.

Daga ƙarshe ya yanke shawara. Gara ya janye da kansa da a ce Auta ya rasa abokansa saboda shi. Ya san abin da hakan ke nufi: za a koma ya aiki, da godiya. Ranar Asabar ɗin, maimakon ya kunna wasan, sai ya kira Auta ta bidiyo, ya jingina wayar da kofin shayi.

"Auta, ka nemi wani ya maye gurbina. Ina jin ciwon Baba ne ya kama ni."

Fuskar Auta ta canza. Ya tambaye shi tun yaushe, ya ce tun zuwan akwatin nan, shi ne ya tona asirin kunnen. Auta ya shafa gemu. Sannan ya ce kafin a kai ga asibiti, ya buɗe wurin saitin sauti a kwamfutar, akwai maɓallin gwaji, ya danna, ya juyo da wayar ya nuna masa lasifikar da ta yi magana.

Mai Hoto ya danna. Muryar wata mata ta fito daga lasifikar da ke hannun damansa, ta ce hagu da Turanci. Ya nuna ta da yatsa. Sai ɗayar ta ce dama, ya nuna ta ita ma.

"To ka gani, na'ura lafiyarta lau," in ji shi. "Ni ne."

"Yaya, wadda ta ce hagu, a wane hannunka take?"

"A damana."

"To?"

"To me? Ai kallona take yi. Hagunta ke nan."

Sai hoton ya karkace, aka ga silin, aka ga ƙafar kujera, don wayar ta kuɓuce wa Auta. Dariya yake yi irin wadda ba ta da sauti, sai tari daga baya. Gimbiya ta fito daga ɗaki da ɗankwali a hannu tana tambayar wa ya mutu. Da aka yi mata bayani ta zauna a hannun kujera, ta ce ita dama ta san wata rana sai ya ce wa firij ya ɗaga haɓa.

Mai Hoto bai ba da kai nan take ba. Ya kafe a kan cewa ladabi ne, duk abin da ya fuskance ka hagunsa ake bi, kuma wanda ya ƙera abin ne ya kamata ya faɗi hagun wa yake nufi. Amma yana musun yana jin wani nauyi yana sauka daga kafaɗarsa, har idonsa ya ɗan kawo ruwa, ya fake da cewa dariya ce. Ya zagaya bayan tebur ya musanya igiyoyin biyu. Aikin da ya hana shi sukuni makonni bai kai tsawon hamma ba. Ya sake danna gwajin, matar ta ce hagu daga hagunsa, ya ce mata sannu da zuwa.

Ya koma ya zauna, ya gyara wuyan riga, ya ce wa Auta to yanzu sai ya roƙar masa abokan nan nasa, musamman mai tsakin, su ƙara masa dama ɗaya. Ya yi alkawari ba zai sake ba su kunya ba.

Auta ya goge ido da bayan hannu. Ya ce waɗanne abokai?

Mai Hoto ya ce 'yan ƙungiyarsu mana.

"Ai na bar su tun ranar da ya yi maka tsaki. Waɗanda muke yi da su yanzu ban san su ba, duk wanda wasan ya haɗa mu da shi ne. Ba ka lura muryoyin suna canzawa ba?"

Bai lura ba. Shi murya ɗaya kawai yake saurare a duk wasan. Ya ce amma ai da waɗancan Auta yake cin wasa, tun kafin shi ya shigo suke tare, me ya sa zai yi wa kansa haka?

Auta ya kawar da kai daga wayar, kunyar nan tasa ta dā ta dawo masa. Ya ce a garin da yake, daga Litinin zuwa Juma'a babu mai kiransa da komai sai sunan da ke jikin katin aikinsa.

"Ni ba don in ci nake kunna abin nan ba, Yaya. Ko bango za ka yi ta harbi har mu tsufa, ni dai ka zo."

Gimbiya ta miƙe a hankali ta koma ɗaki, ta ja ƙofa. Mai Hoto ya yi gyaran murya. Ya jawo makirfo kusa da bakinsa, ya matsar da kofin shayi gefe.

"To kunna mana, Auta," in ji shi. "Ga ni."