Lemun da ke Cikin Randa

Kwana huɗu ke nan Inna Atika ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ta share ɗakinta, ta ɗaga katifa, ta leƙa bayan akwati ko ɓera ne ya mutu. Babu komai. Amma warin na nan, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, kuma ta san inda yake fitowa, faɗi ne ba ta so.

Daga randa yake fitowa, babbar randar da ke gindin taga. A cikinta ta dasa ɗan lemun tsamin da ta ciro daga garkarsu, ɗan lambun gidansu na Geza, ranar da ɗanta Muktar ya dawo da ita gidansa na Bagudo bayan rasuwar mijinta. Marigayin ne ya shuka shi da hannunsa. A ɗaki ta ajiye shi, don awakin unguwar ko tsumma ba sa bari.

Ta yi turaren wuta har idonta ya yi ja. Ta barbaɗa toka. Wari ya ce bai san zancen ba. Ganye kuwa sai rawaya yake yi, yana zuba ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya faɗi sai gabanta ya faɗi tare da shi. Ga matar Muktar da sabon ciki, ko ƙofar ɗakin ta gifta sai amai.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Muktar, kansa a sunkuye. "In warin ga bai ɗauke ba, waje za mu kai shi."

Ta yafa mayafi ta nufi bakin gulbi, ta taso Lauwali mai lambu daga cikin albasarsa, ba ta ko bar shi ya wanke ƙafa ba.

Lauwali ya tura yatsa cikin randar, ya zaro shi baƙi ƙirin, ya kau da fuska.

"Inna, mi kike ba shi?"

"Mi zan ba shi? Ruwan wankin ƙwaryar nono, sahe da marece. Mu can gida ba mu zubda shi inda ƙahwa ka takawa. Gindin icce muka kai shi."

"Can rairayi na shanye shi. Nan ina za shi? Randa ba ta da huji. Nonon na ya ruɓe, shina cin saiwa."

Ta dubi randar. Ashe ita ce, da hannunta, kullum sau biyu.

Lauwali na cewa a samo ƙusa a huda a hankali, ita ta riga ta ɗauko taɓarya. Bugu ɗaya, randa ta dare, baƙin ruwa ya malale siminti har bakin ƙofa. Ta durƙusa cikin caɓin tana tonon saiwoyi. Duk wadda ta taɓa sai ta narke mata a yatsa. Can ƙasa ta sami guda ɗaya fara, siririya kamar zare.

"Wagga ta isa?" ta tambayi Lauwali.

"Wataƙila. A sake mai ƙasa da rairayi da gawayi. Amma kwana bakwai, ko ɗigo kak ki ba shi."

"Kwana bakwai da ƙishirwa?"

"Shi na maganin, Inna."

Ta rungume icen a ƙirji, laka na bin zanenta.

"Muktar," ta ce, "kwashe butoci da ƙore ka kai ɗakinku. Ban yarda da hannuna ba."