Gonaki Biyu a Bakin Tabki

A wani ƙauye na Hawandawaki, gonar Na Allah da ta taubashinsa Illo suna manne da juna a bakin tabki, inda tsuntsayen jan-baki ke kwana cikin bagaruwa. Kowa ya san halin wurin: wanda geronsa ya riga nuna, shi ya yi wa tsuntsaye biki. Bara Na Allah ne ya riga. Abin da ya kai rumbu bai fitar da gidansa rani ba, Illo kuwa ya shekara yana kiransa mai ciyar da baƙi.

Kafin damina mai gari ya zaunar da su, ya ce su yi shuka rana ɗaya, tsuntsaye su rabu biyu, kowa ya yi asara kaɗan. Suka yi musabaha, aka shafa fatiha.

Na Allah ya koma gida yana murmushi, ya tarar da matarsa A'i tana gyaran iri.

"Saurara, A'i. In Illo ya cika alkawari ni na jinkirta, tsuntsaye nasa ne. In ya saɓa ni na cika, na sake zama tuwonsu. Ko ta ina aka bi, jinkiri ya fi."

"To shi Illo ba shi da kai ne, Malam?"

"Yana da shi, na ɗora hula."

Da ruwan shuka ya sauka, Na Allah ya sa ta ajiye irin ta cika ƙwarya da yashi. Ya saɓa sungumi suka fita. Yana sara, tana bin sa tana jefa yashi a rami, tana rufewa da diddige. A ɗaya gefen, Illo da matarsa Zubaida su ma sun duƙufa, har da bismilla da ƙarfi don a ji.

"Mai ciyar da baƙi, bana kuma wa aka gayyata?" in ji Illo.

"Kai dai zuba iri da yawa, bawana, kada a ce ka yi rowa."

Suka wuni suna aiki, gumi na gaske, har faɗuwar rana.

Bayan nan kullum Na Allah sai ya bi ta bakin tabki, wai neman akuyarsa yake, idonsa na kan gonar Illo. Gonakin gari suka yi kore. Ta Illo kuwa fayau, ko tsiro ɗaya babu. Da haƙurinsa ya ƙare, ya tsallaka iyaka, ya tsuguna ya tona rami guda. Tsakuwa ya samu. Ya tona na biyu, tsakuwa. Yana ɗaga kai sai ya hango Illo tsugune a tsakiyar gonarsa, shi Na Allah, da yashi cike da hannu.

Suka dubi juna.

"Akuya nake nema," in ji Na Allah.

"Ni ma ita nake taya ka nema."

Ba wanda ya kai ƙara wurin mai gari, don ba bakin magana. Ruwa na biyu ya zo, Na Allah ya ƙi fita, ya ce yanzu ko Illo ya rantse ba zai yarda ba sai ya ga tsiro. Illo ma tsiro yake jira. Sai da mutane suka gama noman farko, A'i ta ɗauki ƙwaryar iri ta tsaya bakin ƙofa, ta ce ko ya tashi ko ta tafi gidansu inda ake shuka abinci. Ya tashi. Illo ya gan shi, ya bi sahu.

Lokacin da geronsu ya fara ido, kowa a garin ya riga ya yanke nasa ya kai rumbu. Jan-bakin da ke tsakanin nan da garin Urafane bai da sauran wurin zuwa sai gonaki biyu. Suka sauka kamar hadari.

A'i na kan rumfa tana bugun gwangwani don ta kore su har hannunta ya sage.

"Malam, me za mu ci bana?"

Na Allah ya kare ido da tafin hannu, ya daɗe yana duban ƙetaren iyaka.

"Ki duba da kyau," ya ce. "Sun fi yawa a tasa."