Lambar Mai Burodi

A Yamai akwai mutanen da in suka ji ƙarar birki da ihu a kan titi, ba wanda aka buge suke fara dubawa ba. Lambar motar suke nema. Sun yi imani cewa motar da ta zubar da jini da hantsi, lambarta ce za ta fito a tseren dawakin rana. Kada ka tambaye ni wanda ya koya musu wannan karatu. Dawakin a Faransa suke gudu, motar kuwa ga ta nan a unguwar Boukoki, amma je ka faɗa wa ɗan caca haka ka ga irin kallon da zai yi maka.

Garba tela yana cikinsu. Shekara tara ke nan yana buga tiyarse, wato zaɓen dawaki ukun da za su zo gaba, a wani kiyos na kwano da ke bakin layinsu. Kullum kafin azahar za ka tarar da su a gindin dogon yaro, direbobi da teloli da tsofaffin ma'aikata, kowa da takardar tseren ranar yana ja mata layi da biro, fuska a murtuke kamar masu rubuta jarrabawa. Malaminsu shi ne Abdoulkarim, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya yi ritaya. Shi ne mai ba su labarin ƙasar Irland, inda ya ce ake haifar dawakin ƙwarai, kuma kowane titi da shagon cacarsa, har tsofaffin mata suna shiga da jakar cefane a hannu ba mai yi musu kallon banza. In ya faɗi haka sai duk su ji sanyi a rai, su ji ashe ba su kaɗai ba ne.

Ran wata Talata Garba yana dawowa daga sayen zare a kasuwa, sai ya tarar da taro a shataletale. Wata farar mota ta tsaya a karkace, gilashinta na gaba ya tsage. Can gefe mutane sun yi da'ira a kan wani da ke ƙasa, ba a ganin komai sai bayansu. Dogayen burodi sun watse a kwalta. Garba ya tsallake su, ya zagaya bayan motar, ya karanta lambar: bakwai, uku, ɗaya, biyu. Nan take ya raba ta a kansa, bakwai da uku da sha biyu. Saura minti kaɗan a rufe sayar da tike. Ya sa gudu.

Yana cikin layi wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Bai ciro ta ba, don yana maimaita lambar a bakinsa, yana tsoron kada ta kuɓuce. Ta sake yi, ta kuma yi. Ya danne ta ta saman riga har ta yi shiru. Da ya kai taga ya faɗi lambar da ƙarfi, cikin alfahari, ya ce yanzu-yanzu ya ɗauko ta da zafinta. Mutum biyar suka bi bayansa suka buga, har da Abdoulkarim.

Sai da ya koma shago ya zauna a kan keke sannan ya duba wayar. Kira uku, duk daga Mutari, ƙanensa, wanda ke kai wa masu shayi burodi a kan moto, wato babur. Ya kira. Wata murya da bai sani ba ta ɗauka, ta ce in shi ne yayan mai wayar, ya zo gidan likita, amma ya yi haƙuri.

An rufe Mutari bayan la'asar. A wannan lokacin dawaki sun riga sun gama gudu a Faransa, kuma bakwai da uku da sha biyu sun shigo a jere, yadda Garba ya faɗa.

Mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Inna, ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a tabarma a ƙofar ɗakinta da carbi, tana karɓar gaisuwa. Abu ɗaya ta sa a gaba. Duk wanda ya durƙusa ya yi mata ta'aziyya, sai ta tambaye shi ko yana wurin. Ba wanda ya buge shi take nema ba, wannan ta bar wa Allah da 'yan sanda. So take ta ji daga bakin wanda ya gani da idonsa yadda ɗanta ya cika, ko ya samu kalmar shahada, ko akwai wanda ya riƙe masa kai.

Garba ta fara tambaya tun ranar farko, ina yake aka kira shi bai ɗauka ba. Ya ce ya kai wa wani ma'aikaci ɗinki a unguwar Plateau, ya manta wayar a shago. Ƙaryar ta fito sumul, shi kansa ya yi mamakin yadda ta fito. Inna ta ce Allah ya ƙaddara ba za su yi sallama ba, ta dafa masa kai. Tun yana yaro rabon da ta dafa masa kai, kuma ya ji hannun ya yi masa nauyi ƙwarai.

Daga ranar wayar ta fara bin sa. Ba ta ringin, amma yana jin ta. Yana alwala sai ya ji ta a aljihu, ya zabura da jiƙaƙƙen hannu ya ciro, babu komai. Ya shiga shago ya taka keke don ya huta da zaman makoki, sai ya ji ta cikin ƙarar keken, sau uku, ta tsaya. Sunan Mutari yana nan a fuskar wayar da jan rubutu, ya kasa gogewa, ya kasa kallo. Da safe in masu burodi suka wuce a kan moto da kwandunansu, sai ya juya fuska bango har su ɓace. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda ke sa babban mutum ya riƙa waiwaye da rana tsaka.

Ran sadakar uku mutanen kiyos suka zo, su biyar, Abdoulkarim a gaba. Sun ɗauko buhun shinkafa da jarkar mai. Ba wanda ya haɗa ido da Garba. Sun san kuɗin da suka sayi shinkafar, shi ma ya sani. A gindin dogon yaro har an raɗa wa abin suna, ana cewa lambar mai burodi, kafin a gano ko wane mai burodi ne. Inna ta sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya, ta ce Garba ya yi sa'ar abokai. Sannan ta yi musu tambayarta.

"Cikinku akwai wanda ya gane shi a wurin?"

Abdoulkarim ya gyara tabarau ya ce, "A'a, Inna. Mu labari ya iske mu." Gaskiya ya faɗa, bai dai faɗi wanda ya kawo labarin ba.

An dafa shinkafar, unguwa ta ci. Garba ya ce cikinsa na ciwo.

Kwana biyu bayan haka aka kawo mata wani mai faci da ke da rumfa a bakin shataletalen. Shi ne ya ɗauki wayar Mutari ya yi kiran. Ya zauna a gefen tabarma yana murza hularsa, Garba yana zaune daga bayan Inna.

"Da ransa na iske shi, Inna," in ji mai facin. "Ya ce mini, kira Yaya Garba, yana nan kusa. Na kira har sau ukku. Da ba a ɗauka ba sai na ruga neman taksi. Kowace na tsaida, in ta hangi jini sai ta wuce. Kafin in komo ya cika."

"To wa ka bari wurinshi?"

"Mutane dai, Inna. Sun yi yawa."

"Duk taron nan ba wanda ya duƙa?"

Ran mai facin ya ɓaci, ya ce, "Wasu hoto suke ɗauka. Wasu kuma, Allah ya shirye su, lambar mota suke rubutawa a tafin hannu don su kai caca. Da idona na gani."

Inna ta daina jan carbi. Ta ce, "Su waɗanga ba uwa ta haife su ba?"

Garba yana kallon ƙeyarta, da farin gashin da ya leƙo ta ƙasan kallabi. Mai facin ya dube shi sau ɗaya, ya kawar da kai. Ko ya gane shi ko bai gane shi ba, Garba bai sani ba, kuma rashin sanin ya fi komai cinsa.

Tiken yana cikin naɗin hularsa tun ranar. Kwana bakwai ake ba mai ci ya karɓa, in ya wuce shi ke nan. Rana ta shida ya fita da hantsi ya nufi kiyos, yana gaya wa kansa cewa Mutari ya bar mata da ɗa na goye, kuma kuɗi ba su san inda suka fito ba. Da ya iso gindin dogon yaro hira ta mutu. Aka buɗe masa hanya har taga, abin da ba a taɓa yi masa ba. Mai sayar da tike ta miƙo hannu. Ya kai nasa hannun ga hula, sai ya ji wayar. A wannan wurin ta yi ƙara ran Talata, a wannan aljihun. Ya tsaya da hannu a sama har matar ta gaji ta janye nata.

Abdoulkarim ya ja shi gefe suka zauna a kan benci. Tsohon ya koma ga abin da ya iya. Ya ce dokin da ya zo na ɗaya, mai lamba bakwai, haifaffen Irland ne, ya duba a takarda. Ya ce can ma haka suke, kowa da abin da yake bi, wani mafarki, wani ranar haihuwa.

"Malam," in ji Garba, "can ma suna tsallake ɗan'uwansu?"

Abdoulkarim ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce, "Ba ka san shi ne ba."

"Na ga burodi."

"Masu burodi nawa ne a garin nan?"

"Da wani ne fa? Shi ba shi da ɗan'uwa?"

Garba ya ciro tiken ya ajiye a kan benci tsakaninsu, ya tashi. Bai waiwaya ya ga ko an ɗauka ba, ni ma ban sani ba.

Ya iske Inna ita kaɗai a inuwar katanga, mata sun shiga ciki suna shirin sadakar bakwai. Tana tsince wake a faifai. Ta rame a kwana shidan nan, zoben azurfarta har yana juyawa a yatsa. Ya cire takalmi ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ƙarya na yi miki. Ban tafi Plateau ba. Ina wurin."

Ya sunkuyar da kai yana jiran abin da zai biyo baya. Ya shirya wa zagi, ya shirya wa mari, har baki ya shirya wa in ta ga dama ta yi masa. Sai ya ji faifan ya faɗi, wake ya watse. Da ya ɗaga ido ya ga fuskarta ta yi haske, irin hasken da bai gani ba tun ran Talata. Ta kamo hannuwansa biyu ta riƙe gam.

"Kana wurin? Alhamdu lillahi! Ashe bai tafi cikin baƙi ba. Kai ɗan nan, mi ya sa ka ɓoye mini? Tsoron kada in yi kuka? Faɗa mini. Ya yi shahada?"

"Inna..."

"Ya sha wuya? Ya kira ni?"

Bai taɓa tunanin za ta ɗauke shi haka ba. Ga ƙofa a buɗe. In ya ce e, ya ce Mutari ya yi shahada sau uku a kan cinyarsa, tsohuwar nan za ta yi barci yau, ta ci abinci, ta rayu da wannan har tata ranar ta zo. Bakinsa ya riga ya fara haɗa maganar. Amma ya tuna za ta ba kowa labarin, ta ba matar Mutari, ta ba ɗan in ya girma, kuma duk ranar da ta ba da shi za ta kira Garba ya zo ya ƙara bayani.

"Ni ne cikin masu ɗaukar lambar, Inna," ya ce. "Bayan motar na zagaya. Da anka kira ni ina layin caca."

Ba ta saki hannuwansa nan da nan ba. Ta daɗe tana dubansa, kamar maganar da wani yare aka yi ta, tana jira a fassara mata. Can ciki wata mata tana daka, wata tana kiran a kawo ruwa. A hankali yatsunta suka sassauta. Ba ta zage shi ba. Ta yi magana da ƙaramar murya, muryar mai roƙo.

"To ko da wucewa ne. Ko ta tsakanin ƙafafun mutane. Ba ka hangi fuskarshi ba?"

"A'a."

"Hannunshi fa? Yana motsi?"

Garba ya bincika kansa kaf, ya nemo mata ko da abu ɗaya. Yana iya faɗa mata launin motar, da inda gilashin ya tsage, da laka da ta rufe rabin lamba ta ƙarshe har sai da ya sa yatsa ya goge.

"Ban duba ba, Inna," ya ce.