Yana a Idon Nicanor

Nicanor Querevalú ya tsufa yana tuƙa jirginsa na kamun kifi a gaɓar tekun garin Sechura, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce bai iya ba. Da lokacin sabunta lasisinsa ya yi, likitar tashar jiragen ruwa ta zaunar da shi, ta kunna wata fitila daga nesa.

"Wane launi ne wannan, Baba Nicanor?"

"Kore."

"Ja ne. Yana ce ta rufe maka ido. Sai an yi maka aiki zan sa hannu."

"Ke 'yar nan, tun uwarki tana goye nake shiga teku."

"Na yarda. Amma ba ka gani."

Layin aikin ido a asibitin birni sai wata da watanni, ga shi kifi ya shigo. 'Yarsa Zoila ta roƙe shi ya bar wa mijinta tuƙin, tunda shi yana da lasisi.

"Wa? Wannan da ke sheƙa amai da zarar ruwa ya motsa? Allah ya sawwaƙe!"

Ya fita da jirgin abinsa da safe, hazo kwance a kan ruwa, ma'aikatansa suna can baya suna warware raga. Ya hango wani duhu-duhu a gabansa, ya ɗauka tsuntsaye ne, bai rage gudu ba. Sai ƙarar katako, sai ihu.

Eleuterio ne a ɗan kwale-kwalensa mara inji, amininsa tun ƙuruciya, wanda ya riƙe Zoila ranar baftisma. Sun tsamo shi da rai, amma farfela ta ci hannunsa na dama.

Nicanor ya daɗe tsaye a ƙofar ɗakin asibitin kafin ya iya shiga.

"Na ɗaga maka hula," in ji Eleuterio. "Na ƙwala kiran sunanka. Kana kallona fa, Nicanor."

"Ban gan ka ba, ɗan'uwa. Na rantse da Allah."

"Ai an gaya maka ba ka gani. Duk gari ya ji, har dariya ka ba mu da labarin a mashaya. Ni ma na yi dariyar."

Eleuterio ya juya fuskarsa bango.

Hukumar tasha ta soke lasisin har abada. Mijin Zoila ya karɓi jirgin, kuma ga mamakin surukinsa, ya iya. Nicanor ya koma ɗinkin raga a gindin bango. In jirgi ya dawo da yamma, yakan zaɓi kifi mafi girma ya kai gidan Eleuterio da kansa. Matar gidan takan buɗe ƙofa, ta dube shi, ta dubi kifin.

"Mun ci," takan ce, ta mayar da ƙofar.