Zabuwar Kaka Vukosava

Shekarar da ƙwai ya yi tsadar da mutum zai tsaya a kanti yana kallonsa kamar zinariya, hukumar garinmu ta sassauta doka: mai fili a bayan gida zai iya ajiye kaji, muddin maƙwabcin da suka haɗa shinge ya yarda. Kakata Vukosava tana da kaji biyar da zabuwa ɗaya mai kwakwazon tsiya. Maƙwabcinmu kuwa Ratomir ne, tsohon direban jirgin ƙasa, wanda gabarsa da Kaka ta girme ni. Ya rantse ba zai yarda ba. Idan Ista ta wuce bai sauko ba, za a zo a kwashe su.

Ni kuwa son kajin nan nake har cikin raina. Tun da mijinta ya rasu, sai da suka zo na sake jin Kaka tana waƙa da safe.

"Birni ne nan, ba ƙauyenku ba!" Haka Ratomir ke gaishe ta kullum ta saman shinge. "Wari ya hana ni shan kofi!"

"Na bakinka ne ke dawo maka, maƙwabci."

Ranar Ista bayan coci, 'yan layinmu suka taru a ƙofar gida, kowa da dafaffen ƙwansa da aka rina da ɓawon albasa, ana karo. A gwara tsini da tsini, wanda nasa ya fashe ya miƙa. Sai ga Ratomir, ya dunƙule nasa a hannu, tsinin kaɗai ke leƙowa.

"Almasihu ya tashi, maƙwabciya," ya yi mata gaisuwar Ista, kamar mai zagi.

"Haƙiƙa ya tashi. Kai ne dai har yanzu ka ƙi kwanciya."

"Mu kara. In nawa ya fashe, na yarda da kajinki. In naki ne, gobe su shiga tukunya."

Na riƙe hannun rigarta ina roƙo, ta fizge. Ƙas! Nata ya lotsa. Hawaye ya rufe mini ido.

Amma Kaka ba ta miƙa ƙwan ba. Wuyan hannunsa ta cafke, ta ɓanɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan ƙaramin ƙwai ne mai tsini, ɗigo-ɗigonsa na nunawa ta ƙarƙashin rini.

"Ƙwan zabi!" wata mata ta yi ihu. Layi ya ɗauki sowa, don ko yaro ya san ƙwan zabi dutse ne, shiga karo da shi kuma maguɗi.

"Ba a sayar da wannan a kanti," in ji Kaka a hankali. "Tun farkon bazara nake zagin zabuwata wai juya ce. Ashe gindin tuffarka take tsallakawa ta saka. Ɓarawo! Kana cin ƙwaina da safe, kana kai ƙarata da rana!"

"Abin da ya faɗo filina nawa ne, tsohuwar mayya! Kuma na ci karo, kowa ya gani."

"Ka ci." Kaka ta juyo gare ni. "Dunja, ɗauko mini wuƙa. Da zabuwar zan fara, yanzun nan."

Na kasa motsi. Ita ta shiga da kanta, ta fito da zabuwar a hammata tana kwarmato, wuƙa a ɗaya hannun. Ratomir ya dubi tsuntsuwar, ya dubi ƙwan da ke tafinsa. In aka yanka ta, ƙwansa na safe ya ƙare.

"Ajiye ta," ya ce.

"Ban ji ba. Kunnen mayya ya tsufa."

"Na ce na yarda! Ki riƙe ƙazaman kajinki, Allah ya haɗa su da dila!"

Ya shige gida ya buga ƙofa. Washegari da sassafe Kaka ta fige wa zabuwar fiffike ɗaya don kada ta ƙara tsallake shinge, tana yi tana waƙa da ƙarfi, daidai saitin tagarsa.