Zaren Crispina

Shekara hamsin Eleuterio yana rini da dodon koɗin teku, bai taɓa sa ƙafa kan duwatsun gaɓar nan da damina ba. Ubansa da duka ya koya masa: rani na marina ne, damina ta dabbar ce, lokacin da take barbara da ƙwai. Ga shi yau, tsakiyar Yuli, da tsufansa, yana lallaɓawa kan dutse kamar ɓarawon kaji, da farin zare naɗe a hannu.

Matarsa Crispina ce sila. Tana saƙa zanen da za a binne ta da shi, zaren shunayya ya ƙare saura taƙi ɗaya, likita kuma ya ce da wuya ta ga ƙarshen damina. Ba ta roƙe shi ba. Kallon masaƙar kawai take yi, shi kuwa kallon nan ya hana shi sukuni, har ya yi tafiyar kwana biyu daga garinsu Pinotepa.

Amininsa Nabor, wanda ya rako shi, ya zauna can sama yana cin tortiya, gurasar masara, da gishiri.

"Aminina, ka yi sauri mana," in ji Nabor. "Dodon koɗi ɗari uku kake bukata, ka tsaya kana leƙa su sai ka ce surukanka."

Eleuterio bai kula shi ba. A cikin tsagar dutse ga su nan cunkus, manyan mata, kowace da ɗan namijinta a baya, bangon kuma duk ƙwai ne a jere kamar ƙwayar shinkafa. Ya sa tsinken itace ya ɓamɓaro wata babba. Ya hura mata iska, ta tofo farin ruwanta a kan zaren. Sai ya ga inda ya ɗauke ta: layin ƙwan da take ajiyewa ya tsaya a rabi.

Tausayi ya kama shi, da kunya. Ya san ko ya mayar da su, yawancinsu ba za su koma kan ƙwan ba. Ɗari uku irin wannan, gaɓar nan za ta yi shekaru ba ta farfaɗo ba. Ya jiƙa ta da ruwa, ya manna ta a gurbinta, ya riƙe har ta kama dutsen.

"Tashi mu tafi," ya ce wa Nabor.

"Kwana biyu a hanya don tofi ɗaya? Kai ka faɗa mata, ba ruwana."

Tabon da ke kan zaren ya yi rawaya, ya koma kore, kafin su kai titi rana ta mai da shi shunayya.

Crispina hannuwansa ta fara dubawa, ta gan su fes, ba launi. Ya ga ta ji zafi.

"Tsoho, kana nufin farin baki zan sa wa zanena, kamar matar da mijinta ba marini ba?"

"Suna kan ƙwai, Crispina."

"Na sani. Ni ma ai 'yar marini ce." Ta warware zaren, ta tarar da tabon, bai fi babban yatsa ba. Ta shinshina, warin teku na nan. "Wannan fa?"

"Ɗaya ce ta bayar, kafin na dawo hayyacina."

"Ta fi ka kirki. Miƙo min masaƙata."

Kwana tara ta yi tana saƙa taƙin nan, tana warwarewa, sai da tabon ya faɗo daidai gaba, inda ake ɗaure zane. A Satumba aka binne ta da shi, saura mako uku a buɗe wa marina gaɓar.