Shingen da Ke Kan Kabarin Guixiang

Ban taɓa zama a aji ba, amma na san ƙwarƙwatar lemo tun daga ƙwai har ta yi fiffike. Matata Guixiang ce ta koya mini, da wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu da take ratayawa a wuya da jan zare.

"Buɗe idonka, tsoho," in ji ta. "Mai ƙaho biyu a gindi darɓa ce, ƙyale ta. Amma in ka ga shimfiɗaɗɗiya, mai jajayen idanu, tana fitar da farin zare a naɗe, wannan ce mai kashe gona. Sau biyar take sake riga. A ta biyar kafaɗunta sun yi faɗi, gobe sai tsalle."

Ƙwarƙwatar nan ce ke ɗauko ciwon rawaya daga bishiya zuwa bishiya. Wadda ta kamu kuwa, sai gatari.

Da Guixiang ta rasu muka binne ta a tudun da ke saman gonar, cikin shingen fure mai ƙamshi da ta dasa da hannunta. Bara bishiyoyi tara suka yi rawaya, duk a layin da ke ƙarƙashin kabarin. Na yi feshi, na sare, ban hau tudun da gilashi ba. Na san abin da ya hana ni.

Ranar sharar kaburbura muka hau da ƙaninta Qiu Dehai, da kaza da giyar shinkafa da za mu kai mata. Yana cire ciyawa, ni kuma na tsaya gaban sabon tohon shingen. Gilashin na aljihuna.

"Yaya, fure kake nema wa sabuwar amarya?" in ji Dehai.

"Wa zai aure ni, ka cinye mini haƙora da surutu?"

Na kara gilashin a ido. Ga su nan jere a kan toho, jajayen idanu suna kallona. Na laluba ƙaho, na sake laluba. Babu. Sai na ji muryar Guixiang daf da kunnena, da tsakar rana, kamar yadda take yi in ta kama ni da ƙarya: *Riga ta nawa ce, tsoho?*

"Ta biyar," na ce da ƙarfi.

Dehai ya karɓi gilashin ya duba a juye. "Darɓa ce, Yaya. Ko ma mece ce, ba a sare itacen kabari. Kana so ta kwana a fili? Kana so jikokinka su gamu da abin da ba a so?"

"Ka ga ƙaho?"

"Ban ga komai ba."

"Bara ni ma haka na ce."

Na zuba wa Guixiang giya a kan kabarin sau uku, na gaya mata abin da zan yi, na sauka na ɗauko adda. Dehai ya tafi da kazarsa. Har yau in mun haɗu a kasuwa, sai ya tsallaka hanya.

Na sare, na tone saiwa, na ƙona. Bana bishiya ɗaya tak ta yi rawaya.

Tudun yanzu fayau yake, ko ganye babu. Amma duk lokacin da na hau, ƙamshin furen nan yana nan, mai nauyi, daidai tsayin kafaɗarta. Nakan tsaya in jira ko za ta sake tambayata wani abu. Ba ta sake ba.